Nawa ya kamata in biya kuɗin kwikwiyon Jaman Shefad? Farashi uku aka ba ni, kaina ya kulle

Baban Khalifa:
Assalamu alaikum 'yan guruf, don Allah masu sanin harkar karnuka ku taimaka min da shawara. Wata huɗu kenan da na tare a sabon gida can bayan Rigacikun, unguwar ba ta cika ba tukuna duk kangwaye ne kewaye da mu, kuma sau biyu ana haura min katanga, na farko suka ɗauke batiran sola guda biyu, na biyu suka tafi da janareto har da sarƙar da na ɗaure shi da ita. Shi ne na ce bari in nemi kare, kuma Jaman Shefad nake so, wanda wasu ke cewa Alsheshan. To da na fara tambaya sai kaina ya kulle. Wani yaro a bakin titi cikin gari ya nuna min guda uku a kwali ya ce 45k kowanne, ya rantse min orijina ne. Wani a Facebook ya ce 150k zai sako min a mota daga Legas. Sai wani mai kiwonsu a Jos da abokin aikina ya haɗa mu, shi kuma ya ce 350k, wai kuma ba zai ba ni yanzu ba sai nan da sati uku, kuma sai na zo da kaina ya gan ni. Ni fa a hoto duk iri ɗaya na gan su, baƙi da ja, kunne a kwance. Wannan bambancin na mene ne? Ko dai na Jos ɗin ya ga alhaji ne yana so ya yanke ni?

Sarkin Zolaya:
Hhhh 350k a kan kare? Alhaji ka ƙara kaɗan ka sayi maraƙi, in ɓarawo ya shigo ya tunkuye shi, in sallah ta zo kuma ku yanka

Maman 'Yan Biyu:
Baban Khalifa na Facebook ɗin nan don girman Allah ka rufa wa kanka asiri. Ni aka yi wa bara. Hotuna masu kyau, bidiyo, har da wai takardar asibiti, mutumin ga ladabi, hajiya kaza hajiya kaza. Na tura 60k kafin alƙalami, washegari ya kira wai direba ya ce sai an sayi keji na musamman 25k, na tura, da yamma kuma wai an tare su a hanya ana neman takardar dabbobi 15k, a nan ne jikina ya ba ni, na ce ya yi min bidiyo kol in ga kwikwiyon a hannun direba. Tun daga ranar ya yi bulokin ɗina. Daga baya ƙanina ya nemo min hoton nan a intanet, ashe na wani gidan karnuka ne a Turai, har dusar ƙanƙara ana hangowa ta taga ni ban lura ba. Maigida har yau in yana so ya tsokane ni sai ya ce ina karenki na Legas, bai iso ba?

Baban Khalifa:
Subhanallah, Allah ya mayar miki da alheri hajiya. Wallahi shi ma nawa ya fara maganar in tura rabi

Maman 'Yan Biyu:
Amin. Ka ce masa ya rubuta sunanka a takarda ya riƙe kusa da kwikwiyon ya yi bidiyo kol, za ka ga yadda netwok zai lalace nan take

Dakta Samaru:
Wa alaikumus salam. Ni likitar dabbobi ce, bari in yi magana kan na kwalin bakin titi tunda su ne suka fi zuwa mana. Matsalar ba ta cewa orijina ne ko ruwa biyu ba ce kawai, wannan ma ƙarami ne. Yawancinsu an raba su da uwa tun suna sati huɗu ko biyar saboda mai su ya gaji da ciyarwa, alhali kwikwiyo bai kamata ya bar uwarsa da 'yan uwansa ba sai ya cika sati 8. A wannan tsakanin ne yake koyon yadda ake wasa ba a ciji da ƙarfi ba, uwar tana ladabtar da shi, wanda aka cire da wuri shi ne yake tashi ko dai matsoraci ko mai cizon kowa har yaran gida. Na biyu kuma ciwon farbo. Cuta ce mai kama hanji, amai da gudawa mai jini mai wani irin wari da in ka taɓa ji ba za ka manta ba, kuma tana ɗaukar kwana uku zuwa bakwai a jiki kafin ta nuna, wato ranar da za ka saya yana tsalle yana lasar hannunka lafiya lau, ranar Alhamis ka kawo mana shi a kwance ido ya faɗa. Jaman Shefad da Rotwaila suna cikin waɗanda ta fi kayarwa. Ba ta da wani magani da ke kashe ta kai tsaye, ƙarin ruwa ne da allurai na kwana da kwanaki ana tallafa wa jiki, wani ya tashi wani ya tafi. Kuɗin jinyar nan sau da yawa ya ninka kuɗin da aka sayi kwikwiyon. Sannan ƙwayar cutar tana zama a ƙasar gida watanni, in ya mutu ka sake kawo wani sabo shi ma ya ɗauka a tsakar gidanka.

Baban Khalifa:
Ranki ya daɗe Dakta, amma yaron ya ce an yi musu allura, har kati ya nuna min

Dakta Samaru:
Kati ai a shagon buga takardu ake yi. Ka duba abu uku: akwai sitikar jikin kwalbar allurar a manne da lambarta, akwai kwanan wata, akwai sunan likita da lambar wayarsa? In akwai ka kira likitan a gabansa. Kuma ko an yi allurar ma, maganin rigakafi in ya bar sanyi ya mutu, wanda aka sayo a kasuwa aka sako a aljihu cikin ranar nan ruwa kawai aka tsira wa dabba. Tsarin da muke bi, allurar farko a sati 6 zuwa 8, a maimaita duk bayan sati uku ko huɗu har ya kai wajen sati 16, ta haukan kare kuma in ya cika wata uku, sannan duk shekara. Dalilin maimaitawar shi ne kariyar da ya sha a nonon uwa tana iya hana allurar farko aiki, kuma ba wanda ya san ranar da kariyar za ta ƙare a jikin kowane kwikwiyo. Maganin tsutsar ciki kuma tun yana sati biyu ake farawa, duk bayan sati biyu.

Ɗan Bukuru:
To bari mu masu kiwon mu ma mu ce wani abu tunda an ce muna yanka mutane hhh. Ban san wanda aka haɗa ka da shi ba, Jos masu karnuka suna da yawa saboda yanayin garin ya karɓe su, akwai na kirki akwai 'yan neman kuɗi. Amma bari in ba ka lissafin haihuwar karyata ta ƙarshe ka yi hukunci da kanka. Ciki kwana 63 ne, shayarwa da yaye wata biyu, to wata huɗun nan abincinta kaɗai ya ci min kusan 200k don mai shayarwa tana cin ninki biyu ko uku na abin da ta saba. Ganin likita da sikanin 40k. Ta haifi bakwai ɗaya ya zo ba rai, saura shida. Allura biyu biyu ga shida, a 12k kowace, 144k kenan. Abincin 'yan kwikwiyo buhu biyu 120k. Yaron da ke wanke musu ɗaki safe da yamma 30k a wata, wata uku 90k. Maganin tsutsa da su sabulu da maganin kaska ka sa 10k. Ka tara ka gani, ya haura 600k kaɗan. Sannan mai namijin da ya yi barbara ba kuɗi na ba shi ba, al'adarmu shi ne zai fara zaɓar ɗaya a cikin 'ya'yan, saura biyar kenan a hannuna. Raba 600k gida biyar, kowanne ya tashi a kan 120k ban ci ko sisi ba, ban sa kuɗin da na sayi uwar ba, ban sa cinta na sauran wata takwas na shekara ba, ban sa daren da na kwana a ɗakin karnuka da tocila ina juya su kar ta danne wani ba. To wanda ya ce maka 45k, me ya cire a cikin lissafin nan? Dole ya cire wani abu, kuma kai ne za ka biya abin da ya cire daga baya.

Sarkin Zolaya:
Ka kwana a ɗakin kare da tocila?? Madam ta sani kuwa?

Ɗan Bukuru:
Ita ta riƙe min tocilar

Abu Ammar:
Ni tambayata daban ce. Ya halatta ma a sayi kare da kuɗi? Na san hadisi ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa Annabi SAW ya hana kuɗin kare. Kuna ta lissafin dubbai ba wanda ya tsaya a nan

Malam Na Zaure:
Tambaya mai kyau Abu Ammar, kuma hadisin ingantacce ne ba shakka. Haka ma hadisin da ya ce wanda ya riƙe kare ba na farauta ko kiwo ko gona ba ana rage masa lada kullum. Riƙe shi don gadin gida malamai da yawa sun yi ƙiyasinsa a kan waɗannan ukun idan akwai buƙata ta gaskiya, irin halin da mai tambaya yake ciki. Saye da sayarwa kuwa akwai saɓani tun da. Shafi'iyya da Hanabila sun hana gaba ɗaya. Hanafiyya sun halatta. A mazhabarmu ta Malikiyya, wanda ya karanta Risala zai tuna inda aka ce an hana sayar da karnuka amma an yi saɓani a kan wanda aka yi izinin riƙewa, kuma wanda ya kashe irin wannan sai ya biya ƙimarsa. Sahnun ma cewa ya yi zai sayar da shi ya yi aikin hajji da kuɗin. Shi kansa mai Risalar, Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, an ruwaito cewa da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski zamaninmu da zaki zai ajiye. To ka ga wanda ya guje wa sayen don tsantseni ya yi kyau, wanda kuma buƙata ta sa ya saya yana da magabata. Abin da ba saɓani a kansa shi ne in ka ajiye shi haƙƙinsa yana wuyanka, ci da sha da inuwa, kuma a yi masa wurinsa a tsakar gida ba cikin ɗaki ba. Wallahu a'alam.

Abu Ammar:
Allah gafarta malam, amma in hadisi ya inganta ai maganar wani ba ta ture shi

Malam Na Zaure:
Haka ne ɗan uwa, su ma waɗanda suka halatta ba ture shi suka yi ba, sun fahimce shi ne a kan karen da ba a yi izinin riƙewa ba. Ka same ni ta inbok mu ƙarasa kar mu cinye wa mai tambaya fili

Admin:
Yauwa malam na gode, a koma kan farashi don Allah

Ɗan Farauta:
Ni duk wannan karnukan turawan ban ga abin da suka fi namu da shi ba. Karnukana huɗu, duk a ƙauye na karɓo su, wanda na biya mafi tsada kuɗin zakara ne. Tuwo suke ci da ƙashin mahauta, ba asibiti ba sikanin, kuma wallahi ko kusu ya gifta bayan gida sai unguwa ta tashi. Karen bana shi ke maganin zomon bana, ɓarawon unguwarku karen unguwarku ne ya san shi. Maƙwabcina ya sayo wani ƙato mai gashi kamar tunkiya, Kokeshiyan, kusan rabin miliyan, watan Afrilu na zuwa kare ya kwanta yana haki harshe har ƙasa, sai da aka sa masa fanka, shi mai gidan yana kwana a zafi kare yana shan iska

Dakta Samaru:
Ɗan Farauta maganarka akwai gaskiya a ciki, karen gida ya fi jure zafi da ciwon kaska, kuma in ƙararrawa kawai mutum yake so ya ishe shi. Kokeshiyan kuma asalinsa duwatsun Kokesos ne wajen Jojiya da kudancin Rasha, an yi shi ne don sanyi, kawo shi Sakkwato ko Maiduguri ba tare da shiri ba zalunci ne. Amma kalmar ba asibiti ɗin nan ka janye ta. Haukan kare bai san na gida ko na turawa ba, kuma in alamunsa suka bayyana a jikin mutum kusan ba a tashi. Cibiyar binciken dabbobi ta Vom tana yin allurar a nan ƙasar, ba tsada gare ta ba, kuma wajen 28 ga Satumba ranar yaƙi da cutar ta duniya sau da yawa ana yi kyauta a asibitocin dabbobi. Karnukan farauta ma su suka fi buƙata tunda suna haɗuwa da namun daji. In kare ya ciji yaro a wanke wurin da sabulu da ruwa mai gudu minti 15 a wuce asibiti, ba a tsaya neman gashin karen a ƙona a shafa ba.

Ɗan Farauta:
To Dakta na ji, zan kai su. Amma sikanin kam a'a

Ɗan Tawa:
Salamu alaikum, ni daga Tawa nike a Nijar, ina karanta ku ina dariya. Ku kuna ba da kuɗi ku sayi karen Jamus, su kuma turawa nan sunka zo sunka ɗauki namu. Karen Azawak da Buzaye ke kiwo a arewacinmu wajen Abalak da Cintabaraden, dogo siriri mai dogayen ƙafafu kamar barewa, tun shekarun 1970 anka fara kai shi Turai, a 2019 babbar ƙungiyar karnuka ta Amurka ta sa shi cikin jerin nata, yanzu can da takardar asali ake saida shi da kuɗi masu kauri. Nan kuwa a al'ada ba a kai shi kasuwa, in Buzu ya yarda da kai shi ba ka ɗiya kyauta, in bai yarda ba ko jika nawa ka aje ba ya ba ka. Shina gadin zango da bisashe, shina kama zomo da barewa, zafi bai dame shi ba. Abin da ya sa na yi magana, mutumen Jos da ya ce sai ya gan ka, ni wannan ne ya kwanta mini a rai, don haka masu abin ke yi.

Baba Tsohon Ɗan Sanda:
Yaro Baban Khalifa, na yi shekaru a sashen karnuka kafin in yi ritaya, bari in gaya maka abin da za ka duba in ka je, don kuɗin ba a waya ake yanke shi ba. Ka ce a fito maka da uwar. Ba hotonta ba, ita kanta. Ka tsaya ka ga yadda za ta karɓe ka, karya mai kyau za ta yi haushi ta tsaya ta dube ka, in mai ita ya yi magana ta natsu. In ta ɓuya bayan mai ita wutsiya a matse, ko ta haukace har ba ya iya riƙe ta, ka yi sallama ka tafi ko kyauta ne, hali gado ne a wurin kare. Sannan ka sa a zagaya da ita ka tsaya ta baya ka kalli tafiyarta. Ciwon wannan jinsin a kwankwaso yake, ƙashin cinya ba ya zama daidai a gurbinsa, kuma ana gadonsa. Kwikwiyo ba ya nunawa, sai ya shekara ko biyu ka ga yana tashi da ƙyar, in zai yi gudu ya haɗa ƙafafun baya yana tsalle kamar zomo. A Jamus ƙungiyar da ke kula da jinsin tun 1899, wadda wani hafsan sojan doki Max von Stephanitz ya kafa, ba ta yarda a yi barbara da kare sai an ɗauki hoton kwankwasonsa bayan ya shekara an tabbatar. A nan masu yin haka ba su da yawa, in naka ya nuna maka hoton ƙashin uwa da uba, to 350k bai yi yawa ba. Kuma ka guji masu bayan nan da ya zube sosai kamar an danne su, na nuni ne a fili, kai mai aiki kake nema mai miƙaƙƙen baya. Ka tambaye shi shekarun uwar da haihuwarta nawa. Karya tana neman namiji kusan sau biyu a shekara, mai son kuɗi duk zuwa sai ya haɗa ta tun ba ta gama girma ba, za ka gan ta a rame nono ya zube gashi yana tsigewa. Ka tambayi uban waye, kar ya zama wanta ne ko ubanta, don wannan ma ana yi.

Baban Khalifa:
Allah ya ƙara girma Baba, wallahi na kwafe duka a takarda. To a cikin 'yan kwikwiyon wanne zan ɗauka? Ni babban namijin nake so

Baba Tsohon Ɗan Sanda:
Kowa babban namiji yake so, shi ya sa ake ƙara masa kuɗi. Kai da kake da ƙananan yara kuma ba ka taɓa riƙe kare ba, wanda ya fi kowa rigima ba naka ba ne, wanda ya koma lungu ya ƙi zuwa shi ma ba naka ba ne. Ka tsuguna ka jefar da makullan motarka a ƙasa su yi ƙara, wanda ya ɗan razana sannan ya dawo ya shinshina, shi ne. Kunne kuma kar ya dame ka, a kwance suke zuwa sai wata huɗu zuwa shida suke miƙewa, shi ya sa masu ruwa biyu suke samun damar sayarwa tun suna ƙanana, kafin ka gane kunne ba zai tashi ba mai kwali ya canja titi. Abu na ƙarshe, kar ka ɗaure shi a sarƙa dare da rana wai don ya yi zafi, kuma kar wani ya ce ka ba shi barkono ko wiwi, haukata shi za ka yi, kuma wanda zai fara ciza ɗanka ne ba ɓarawo ba.

Injiniya Kubwa:
Ni abin da nake so ka lissafa shi ne bayan saye. Nawa Bobel ne na Afirka ta Kudu, na saye shi da tsada na ɗauka na gama, ashe kuɗin sayen shi ne mafi ƙanƙanta. Naka zai kai kilo 30 zuwa 40 in ya girma, kuma zai yi shekara goma ko fiye yana ci kullum. Ni dabarar da na yi, na daidaita da mai kaji yana tara min kai da ƙafa, ina haɗawa da shinkafa 'yar hausa da ɗan abincin buhu, duk da haka a wata yana cin abin da ya kusa albashin maigadi. In ka ga 350k za ta girgiza ka har ka kasa ciyar da shi wata uku masu zuwa, gara ka bi shawarar Ɗan Farauta ka nemi na gida mai kyau ka yi masa allurai. Kuma ka sani kwikwiyo ba ya gadi fa, sai ya kusa shekara, wannan watannin kai ne maigadinsa, don shi kansa ana sacewa

Sarkin Zolaya:
Wato ɓarawon da ya ɗauki janareto zai dawo ya tarar an ajiye masa 350k mai ƙafa huɗu

Maman 'Yan Biyu:
Kai Sarki Allah ya shirye ka hhhh

Ɗan Bukuru:
Ƙarin bayani kan farashin Alhaji, ciniki halal ne ka taya. In ba takardar asali ta ƙungiya a kan iyayen, amma ka ga uwa ka ga uba, lafiyarsu ƙalau, kati na gaskiya, ni a ganina tsakanin 200k da 300k ba a cuce ka ba a yadda kayan abinci suke yanzu. In akwai takardar asali da hoton kwankwaso, ko uban daga waje aka shigo da shi, to abin da ya faɗa ma ya yi sauƙi. Amma takardar ka karanta ta, sunan da ke jiki da lambar su dace da karen da ke gabanka, don akwai masu takarda ɗaya suna sayar da haihuwa biyar da ita. Kuma ku yi yarjejeniya a rubuce ko ta WhatsApp cewa za ka kai shi wurin likitanka cikin kwana biyu ko uku, in an sami ciwo ya karɓi abinsa. Mai kiwon kirki ba ya jin haushin wannan, shi ma yana so ya san inda ɗansa ya tafi, ni har yau waɗanda suka saya wurina shekara uku da suka wuce suna turo min hoto

Baban Khalifa:
Salam jama'a, na dawo da rahoto. Jiya Asabar na je Jos ni da abokin aikin nawa. Kafin mu shiga wurin karnukan sai da ya sa muka taka wani ruwan magani a faranti a bakin ƙofa, ya ce ba ya so a kwaso masa cuta a takalmi. Na ga uwar, na yi yadda Baba ya ce na tsaya ta baya, tafiyarta lafiya lau, ta yi min haushi biyu ya ce mata wani abu ta zauna tana kallona har na fita. Uban ba a gidan yake ba amma ya kai mu unguwar da yake muka gan shi. Hoton kwankwaso na uban ne kawai akwai, na uwar babu, ya faɗa min gaskiya bai yi ba. Da wannan na samu na taya 270k ya ce albarka, muka tsaya a 300k, shi zai yi allura ta biyu kafin in ɗauka. Ni ne ma na sha tambayoyi, tsawon katangata nawa, yarana shekarunsu nawa, wa zai zauna da shi in na tafi aiki, akwai inuwa a gidan, har na ce malam aure na zo nema ne? Na jefar da makulli kamar yadda aka ce, babban namijin ko kallo bai yi ba yana can yana cizon igiyar takalmina, wata mace ce ta ja baya sannan ta dawo ta ɗauki makullin a baki ta tafi da shi, ita na zaɓa. Na ba da 100k sauran sai ranar ɗauka nan da sati biyu. Na Facebook kuwa na ce ya yi bidiyo kol, ya ce kyamararsa ta fashe.

Maman 'Yan Biyu:
Ban faɗa maka ba!!

Dakta Samaru:
Madalla. Tunda mace ce ka fara tunanin ko za a yi mata aikin hana haihuwa nan gaba, in ba haka ba duk wata shida karnukan unguwa za su yi maka zaman dirshan a ƙofar gida. Kuma kar ta taka waje sai an gama allurar sati 16. Ranar ɗauka ka karɓo ɗan abincin da ta saba ci na kwana bakwai, canjin abinci farat ɗaya yana sa su gudawa.

Baban Khalifa:
To Dakta in sha Allah. Yanzu wa ya san mai walda a Kaduna da ya iya ɗakin kare, mai rufin da ba ya ɗaukar zafi? Wanda na kira ya turo min hoton kejin kaji